Ƙwayoyin Alheri da Noman Ganye Cikin Ruwa

Tun muna ƙananan aji aka koya mana tsoron ƙwayoyin cuta. Malamin tsabta ya ce mu wanke hannu, mu rufe abinci, mu tafasa ruwa, domin akwai waɗansu halittu da ido ba ya gani, su ne ke kawo zawo da kwalara da tarin fuka. Wannan magana gaskiya ce, ba wanda zai ja da ita. Amma fa rabin labarin ke nan. Ɗaya rabin, wanda ba safai a ke faɗa wa yara ba, shi ne masu cuta cikin waɗannan halittu 'yan kaɗan ne. Mafi yawansu ba ruwansu da mu, waɗansu kuwa aiki su ke yi mana dare da rana ba lada. Waɗannan na ƙarshe su na ke kira ƙwayoyin alheri, kuma a kansu na ke so mu yi nazari, musamman aikinsu cikin sabuwar sana'ar nan ta noman ganye ba tare da ƙasa ba.

'Yan'uwana ɗalibai, ga dalilin da ya sa na zaɓi wannan magana. Ba da daɗewa ba za a watsa mu makarantun ƙasar Abuja, daga Bwari har Abaji, daga Kuje har Kwali. Duk ƙauyen da aka kai ɗayanmu, mutanen gari za su ɗauka malam ya san amsar kowace tambaya. Noman ruwa ya soma shigowa, masu tallan kwalabe da ƙulle-ƙullen magani kuma sun biyo bayansa. In malami bai iya rarrabe abin da ke aiki da abin da ke cin kuɗi kawai ba, to, da bakinsa zai jawo wa talaka hasara.

Tsofaffin Abokan Zama

Kada wani ya zaci wannan sabon abu ne da Turawa suka kawo mana. Kakanninmu mata sun daɗe suna sa waɗannan ƙwayoyi aiki, ko da ya ke ba su taɓa ganinsu ba. Dubi yadda a ke yin daddawa. A dafa kalwa har ta yi laushi, a surfe ta, a wanke, a sake dafawa, sa'an nan a zuba cikin kwando, a lulluɓe da ganye, a ajiye a ɗaki mai ɗumi kwana biyu ko uku. Me ya juyar da ita har ta yi yauƙi da ƙamshin nan? Wata bakteriya ce, masana suna ce da ita Bacillus subtilis. Ku riƙe wannan suna, gama za mu sake gamuwa da shi. Haka kuma madarar da ta kwana ta zama kindirmo, da ƙullun koko da ya yi tsami, da burodin da ya tashi, duk aikin ƙwayoyi ne.

A gona ma haka ne. A makarantar mishan inda na yi firamare, kowane aji yana da ɗan fegi na gona, kuma ƙa'idarmu ita ce inda aka yi gyaɗa bana, nan za a sa masara baɗi. Kowane manomi ya san wannan dabara. In ka tuge gyaɗa ko wake ka dubi saiwar, za ka ga 'yan ƙulle-ƙulle kamar ƙwayar dawa. Tsaga ɗaya da farce, in cikinsa ja-ja ne, to, yana aiki. Gida ne na waɗansu bakteriya masu kamo naitirojin daga iska su mai da shi abincin shuka. Kashi 78 cikin 100 na iskar da mu ke shaƙa naitirojin ne, amma shuka ba ta iya cinsa haka nan sai an sarrafa mata.

Wanda ya fara ganin bakteriya da idonsa wani mai sayar da yadi ne a garin Delft na ƙasar Holan, sunansa Leeuwenhoek, cikin 1676, da madubin da ya goge da hannunsa. A 1886 Jamusawa biyu, Hellriegel da Wilfarth, suka tabbatar da aikin ƙulle-ƙullen saiwar wake, a 1888 kuma Beijerinck ya ware ƙwayar da ke ciki. A nan Nijeriya, cibiyar binciken noma ta IITA, wadda aka kafa a Ibadan cikin 1967, mai rassa a Kano da Kubwa, ta fitar da NoduMax, watau garin bakteriya da a ke cuɗa irin waken suya da shi kafin shuka. Ita ce kuma ta fitar da Aflasafe, wanda aka yi wa rajista a 2014. Shi wannan ƙwayar dawa ce da aka shafa wa fumfuna marar dafi, a watsa ta a gonar masara ko gyaɗa, sai marar dafin ya rigaya mai dafin kama wuri. Ashe ke nan sayar da ƙwayoyin alheri cikin buhu ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu.

Mene Ne Noman Ruwa?

Noman ruwa ba noman rani ba ne, ba kuma noman fadama ba. Abin da a ke nufi shi ne a raya shuka saiwarta na cikin ruwan da aka narka taki a ciki, ba ƙasa ko ƙanƙani. Turawa suna ce masa haidirofonik. Asalinsa, masana sun gano shuka tana bukatar sinadarai 17. Uku tana samunsu daga iska da ruwa, sauran 14 kuwa daga ƙasa ta ke tsotsarsu, irin su naitirojin, da fosforas, da fotashiyam, da alli, da ƙarfe. To, in ka ba ta waɗannan 14 cikin ruwa, daidai wa daida, ka kuma samo mata abin jingina, ba ta tambayar ƙasa.

Wajen 1860 Sachs da Knop suka nuna haka a ɗakin gwaji a Jamus. Wani malami a Jami'ar Kalifoniya, Gericke, shi ya fitar da abin fili don a yi abinci da shi, ya kuma yaɗa sunan haidirofonik a 1937. Shekara guda bayan haka Hoagland da Arnon suka buga haɗin taki wanda har yau a ke koyi da shi.

Hanyoyin da aka fi bi wajen ganye uku ne. Ta fari, a jera shuke-shuke cikin ramukan da aka huda a jikin dogon bututu, famfo na tura ruwa siriri yana gudana ƙarƙashin saiwoyi yana komawa tanki. Allen Cooper ne ya ƙago wannan a Ingila cikin shekarun 1960. Ta biyu, a ɗora farin soso mai huji bisa ruwa mai zurfi, a riƙa hura iska a ciki. Ta uku ita ce ta Kratky na Jami'ar Hawai, bokiti ne kurum da murfi, ba famfo ba lantarki. Ita ce ta fi dacewa da makarantar ƙauye.

Me ya sa wannan ya shafe mu a nan? A 1976 aka yanke wannan ƙasa ta zama babban birnin tarayya, a Disamba 1991 gwamnati ta taso daga Legas. Garki da Wuse da Maitama, waɗanda a da ƙauyuka ne da gonaki, yanzu gine-gine ne da kwalta. Ƙidayar 2006 ta sami mutum wajen miliyan 1.4, daga nan kuwa sai ƙaruwa a ke yi. Bakuna sun yawaita, fili ya ƙaranta. Kayan lambu da yawa da mu ke gani a kasuwar Wuse ko ta Utako daga nesa su ke zuwa, daga Jos da sauran garuruwan Arewa, ganye kuwa ba ya son tafiya, kafin ya iso ya yi yaushi. Noman ruwa ana yinsa a tsakar gida, ko bisa bene, ko kan dutse, kuma ruwan da ya ke sha bai kai na lambu ba ko kusa. Kamfanin Fresh Direct, wanda Angel Adelaja ta kafa a nan Abuja, ya yi suna ne da noman ganye cikin tsofaffin kwantenonin jirgin ruwa.

Abin da Shuka Ta Rasa

Yanzu ga inda maganar ta ke. Sa'ad da muka raba shuka da ƙasa, ba da turɓaya kaɗai muka raba ta ba, mun raba ta da barorinta. Cokalin shayi ɗaya na ƙasa mai kyau yana ɗauke da bakteriya miliyoyi ɗari-ɗari. Sun fi taruwa jikin saiwa, domin saiwa tana tsatsar da sukari da waɗansu abubuwa masu daɗi don ta jawo su, kamar mai gayya da ya dama fura. Wani Bajamushe, Hiltner, ya lura da wannan unguwa ta gefen saiwa tun 1904.

Mai noman ruwa ya kan fara da tanki wankakke da ruwa garai, ya ce ya huta da cutar ƙasa. Amma tankin ba ya zama kango. Cikin 'yan kwanaki ƙwayoyi sun shigo, ta iri, ta ƙura, ta ruwa, ta hannun mai aiki. Tun da ba kowa a gidan, wanda ya fara shiga shi ne mai gida. In mugu ne ya rigaya, ba mai tare shi.

Mugun da aka fi tsoro sunansa Pythium. Shi ne ke ruɓar da saiwa, ta tashi daga fara sol ta koma ruwan ƙasa, ta yi yauƙi, shuka ta riƙa yaushi da rana alhali tana tsaye cikin ruwa. 'Ya'yansa iyo su ke yi, saboda haka in ya shiga tankin da ke zagaya ruwa, sai ya game shuke-shuken duka. Zafi kuwa abokinsa ne. Ruwa mai zafin digiri 20 yana riƙe oksijin wajen miligiram 9 cikin lita, da ya kai digiri 30 sai ya sauka wajen 7 da rabi. Saiwa ta galabaita don ƙarancin iska, cuta ta samu ƙofa. Wanda ya san bazarar Gwagwalada, inda zafin Maris kan haura digiri 35, ya san wannan magana da mu ta ke.

Dabarar masana ita ce, tun da ba makawa sai wani ya zauna a gidan, gara mu zaɓi mutanen kirki mu shigar da su tun da fari.

Ayyukansu Huɗu

Zan rubuta sunayensu da Latin yadda a ke buga su jikin kwali, don ku gane su in kun gani.

Aiki na fari, ƙara saiwa. Gwanin wannan shi ne Azospirillum brasilense, wanda binciken Johanna Döbereiner a Birazil ya fito da darajarsa. Yana fitar da wani sinadari irin wanda shuka ke yi da kanta don tsiro, sai saiwa ta yi rassa da gashi mai yawa. Saiwa mai yawa ita ce baki mai yawa. Yana kamo naitirojin kaɗan daga iska, amma babban amfaninsa a saiwa ya ke.

Aiki na biyu, kwance abincin da ya ɗaure. Ruwan taki yana da ma'auni da a ke rubutawa pH. Lamba 7 ce tsakiya, ƙasa da ita ɓangaren tsamiya ne, sama da ita ɓangaren kanwa. Ganye ya fi son tsakanin 5.5 da 6.5. In ruwa ya karkata wajen kanwa, ƙarfe da fosforas su kan daskare su kwanta, ga abinci a gaban shuka amma ba ta iya ci. Alamar yunwar ƙarfe ita ce sababbin ganye su yi rawaya, jijiyoyinsu kuwa su zauna kore. Pseudomonas fluorescens yana fitar da wani abu mai kama ƙarfe ya riƙe shi a narke, waɗansu bakteriya kuma suna fitar da ɗan tsami mai narkar da fosforas.

Aiki na uku, gadi. Nan ne abokinmu na daddawa, Bacillus subtilis, da danginsa su ke fice. Su kan lulluɓe saiwa kamar an shafe ta, su cinye abin da mugu zai ci, su kuma fitar da dafin da ke hana shi yaɗuwa. Akwai kuma wata fumfuna, Trichoderma harzianum, wadda ke nannaɗe muguwar fumfuna ta narkar da ita. Har wa yau zamansu jikin saiwa ya kan farkar da shuka ta shirya kāre kanta, kusan yadda allurar rigakafi ke yi wa yaro. Bacillus yana da wata baiwa da ta dace da ƙasarmu: in wuya ta yi, ya kan dunƙule cikin ɓawo mai tauri ya yi barci, zafi da fari ba su kashe shi da sauri. Don haka ya fi sauran jimre ajiya.

Aiki na huɗu, dafa taki. Shuka ta fi son naitirojin a kamannin da a ke kira naitiret. In ka zuba takin gargajiya ko yuriya cikin ruwan da ba ƙwayoyin da suka dace, sai ya ruɓe, ya yi wari, amoniya ta taru ta ƙone saiwa. A ƙasa ƙungiya biyu ke wannan girki, ɗaya ta karya taki ya zama amoniya, ɗaya ta juya amoniya ta zama naitiret. Winogradsky ne ya ware masu aikin na biyu cikin 1890. A 2011 Makoto Shinohara da abokan aikinsa a Japan suka buga hanyar rainon ƙungiyoyin nan biyu cikin ruwa: a sa 'yar ƙasa mai kyau kaɗan ta zama iri, a riƙa hura iska, a riƙa ƙara taki kaɗan-kaɗan, har su kafu kafin a dasa shuka. Wannan aiki ne kuma ke sa a iya haɗa kiwon tarwaɗa da noman ganye. Kashin kifi ya ba da amoniya, ƙwayoyi su dafa ta, ganye ya sha, ruwa ya koma wa kifi da tsabta.

Batun Gina Jiki

Yawan ganye wani abu ne, abin da ke cikin ganyen kuma wani abu ne dabam. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya kamata babban mutum ya ci kayan lambu da na marmari aƙalla giram 400 kowace rana. Binciken lafiyar jama'a na Nijeriya na 2018 ya sami kashi 68 cikin 100 na yara 'yan wata 6 zuwa 59 da ƙarancin jini, mata masu shekara 15 zuwa 49 kuwa kashi 58. Dalilan suna da yawa, har da zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki, amma rashin ƙarfe cikin abinci yana cikin manya. Yaran nan su ne za su zauna gabanmu a aji, yaron da jininsa ya yi ƙasa kuwa gyangyaɗi ya ke yi ana karatu. Alayyafo da lalo da rama da zogale suna taimakawa da ƙarfe da bitamin.

Ganyen ruwa yana da aibi guda da ya kamata a sani. In an cika masa taki, haske kuma ya yi kaɗan, ya kan tara naitiret a jikinsa fiye da kima, har ƙasashen Turai sun sa iyakar abin da za a yarda da shi cikin latas. Masu bincike a jihar Sao Paulo ta Birazil sun gwada Azospirillum da Bacillus da Pseudomonas da Trichoderma a latas na bututu, suka sami ganye ya ƙaru, saiwa ta ƙaru, a waɗansu gwaje-gwajen kuma naitiret na cikin ganye ya ragu, domin shuka ta fi iya juya shi ya zama nama a jikinta. Birazil ta yi nisa cikin wannan fanni, har wata masaniyarsu, Mariangela Hungria, ta karɓi Kyautar Abinci ta Duniya a 2025 saboda aikinta kan ƙwayoyin da ke rage wa manomi sayen takin zamani.

Iyakar Ƙarfinsu

To, amma ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Ga abubuwa biyar da na ke roƙon kowa ya riƙe kafin ya ba wani shawara.

1. Mataimaka ne, ba madadin taki ba ne. Ƙwaya ba ta ƙago fotashiyam ko alli daga babu. Wanda ya ce maka kwalbarsa ta ɗauke maka sayen taki ɗungum, tallarsa ya ke yi. Kuma a sani, takin buhu na 15-15-15 da a ke sa wa masara bai cika sinadarai 14 ɗin nan ba, sai an nemi haɗin da aka yi don noman ruwa.

2. Amfaninsu ba ɗaya ba ne ko'ina. Inda abinci ya wadata, ruwa da sanyi, ba cuta, bambancin kan zama kaɗan. An fi ganin hannunsu inda shuka ke cikin matsi. Irin da ya yi wa latas rana kuma ba lalle ya yi wa alayyafo ba, yawan zubawa fiye da ƙa'ida ma ya kan dakushe shuka.

3. Rayayyu ne, suna mutuwa. Ƙullin da ya kwana biyu a rana cikin kasuwa, ko wanda kwanansa ya ƙare, gari ne kawai. A duba sunan ƙwayar, da ranar ƙarewa, da lambar rajistar hukuma. Ruwan famfo, irin wanda ke zuwa daga madatsar Usuma, an sa masa kulorin don lafiyarmu, sai a bar shi a buɗe kwana ɗaya ko biyu kafin a zuba su. Ba a kuma haɗa su da maganin kashe ƙwayoyi a tanki ɗaya.

4. Suna ɗaya ba hali ɗaya ba. Ko da ya ke na daddawa da na kwali sunansu guda, na kwalin zaɓaɓɓe ne daga cikin dubbai. Kada wani ya jefa daddawa cikin tanki ya ce ya yi kimiyya, ruwan zai ruɓe ne kawai.

5. Wannan shi ne mafi girma. Latas da lansir ɗanye a ke cinsu. Ɗanyen kashin kaji ko na shanu yana ɗauke da ƙwayoyin zawo, ruwan kwata kuwa har da na taifot. Kada su kusanci ruwan ganye. Ko ganyen ya fito daga tanki mai tsabta, a wanke shi da ruwa mai kyau kafin a ci. Darasin malamin tsabta yana nan bai tashi ba.

Gwajin da Kowace Makaranta Za Ta Iya

Gani ya kori ji. Maimakon mu gaskata mai talla ko mu ƙaryata shi, sai mu sa yara su tambayi shukar da kanta. Ga yadda na tsara darasin don manyan aji.

A nemi bokitai 12 masu murfi, kowane mai cin lita 5 ko fiye, waɗanda haske ba ya ratsawa, don kada gansakuka ta tsiro. A huda murfin, a zura ɗan kofin roba da aka hudhuda gindinsa, a cika shi da ƙonannen ɓuntun shinkafa ko zaren ɓawon kwakwa. A raini irin latas mako biyu zuwa uku, a zaɓi masu girma ɗaya, a wanke saiwarsu a hankali, a dasa ɗaya-ɗaya. A cika bokiti da ruwan taki har ya taɓa gindin kofi. Yayin da shuka ke sha, ruwan zai riƙa sauka, saiwar sama ta zauna cikin iska tana numfashi. Kada a sake cika shi har baki, sai a nutsar da ita. Murfi ya rufu sosai don kada sauro ya yi ƙwai.

A raba bokitan kashi huɗu, uku-uku. Kashi na fari taki cikakke, ba ƙwayoyi. Na biyu taki cikakke da ƙwayoyi. Na uku rabin taki, ba ƙwayoyi. Na huɗu rabin taki da ƙwayoyi. A tambayi yara me ya sa ba za mu sa wa duka ba. Da kansu za su gano in ba a bar waɗansu haka nan ba, ba abin da za a gwada da shi. A tambaye su kuma me ya sa uku-uku. Domin bokiti ɗaya yana iya yin kyau don sa'a, ko ya lalace don tsautsayi. Wajen jera su, a yi ƙuri'a, kada na ƙwayoyi su kwashe inuwa mai kyau su kaɗai.

Kowace Jumma'a yara su ƙirga ganye, su auna tsawo, su ɗaga murfi su dubi launin saiwa, su tsoma takardar awon tsami, su rubuta cikin littafi. Bayan mako huɗu ko biyar a yanke, a ɗora bisa sikeli, a fitar da matsakaicin nauyin kowane kashi. Lokacin da ya fi kyau ga latas a nan shi ne hunturu, daga Nuwamba zuwa Janairu, gama zafi na sa shi ya yi tozo ya yi ɗaci. In bazara ce, a yi da alayyafo, shi ba ya tsoron rana, a kuma binne rabin bokitin cikin ƙasa ko a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu don ruwan ya yi sanyi.

Ku lura, ba darasin noma kaɗai ba ne wannan. Akwai lissafi a ciki, akwai rubutu, akwai tsabta. Akwai kuma tarbiyya, domin tilas a rubuta abin da sikeli ya faɗa, ko ya yi wa malam daɗi ko bai yi ba. In ƙwayoyin sun yi aiki, mun samu abin gaya wa iyayen yara. In ba su yi ba, mun tsare musu kuɗinsu. Ta kowace fuska ba a yi hasara ba, ganyen kuma a raba wa yara su kai gida.

Ina roƙon shugabannin ƙungiyar manoma ta kwalejinmu da malamanmu na sashen kimiyya su ba mu wuri bayan ɗakin gwaji mu fara da hunturun bana, don kowa ya taɓa da hannunsa kafin ya fita koyarwa. Wanda ya yi irin wannan gwaji a makarantar da aka tura shi, ya aiko wa Edita da abin da ya samu, mu haɗa na Bwari da na Abaji mu gani ko bakinsu ɗaya. Allah ya ba mu sa'a.

Tambayoyi don aji

1. Faɗi abinci uku na gidanku waɗanda ƙwayoyin alheri ke gyarawa.

2. Don me tankin noman ruwa ya fi gonar ƙasa saurin gamewa da cutar saiwa?

3. Wane bambanci ke tsakanin aikin Azospirillum da na Trichoderma?

4. Wani ya kawo kwalba kasuwar garinku, ya ce in an zuba ta ba sauran bukatar taki. Wace amsa za ka ba shi, kuma yaya za ka gwada maganarsa?